Hadda da Labarin Baka: Nazarin Fuskoki Biyu na Tunawa daga Ƙofar Kabuga

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu da Bahaushe ke adana ilimi a ka, wato haddar Alƙur'ani da labarin baka, bisa ma'aunin ilimin halayyar ɗan'adam. An ɗauki tarihin Ƙofar Kabuga a matsayin misali, domin nuna irin hattarar da ta kamaci mai tattara bayanai daga bakin dattawa.

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya dogara ƙwarai ga abin da mutane suka riƙe a ka. Duk da haka, ba kasafai manazarci kan tsaya ya tambayi yadda ƙwaƙwalwar mai ba shi bayani take aiki ba. Akan ɗauka cewa al'ummar da ta shahara da hadda ba za ta yi kuskure a tarihinta ba. Wannan zato yana buƙatar gyara, domin hadda da ba da labari ayyuka ne mabambanta.

2.0 Hadda: Riƙe Lafazi

A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan lokaci yana rage ta. A 1956 George Miller ya bayyana cewa abin da mutum ke iya riƙewa a take bai wuce guda bakwai ko kusa da haka ba, sai dai in an dunƙule bayanai gungu-gungu. Sannan a 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa ƙoƙarin fito da karatu daga ka ya fi sake dubawa tabbatar da shi.

Tsarin tsangaya ya daɗe da tafiya a kan waɗannan ka'idoji. An kasa Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni 8, don haka almajiri yana fuskantar ɗan yanki ne a kowane lokaci. Yakan rubuta a allo, ya biya wa malam, sannan ya wanke. Tilawa kuwa maimaici ce da ba ta yankewa. Abu mafi muhimmanci shi ne akwai rubutaccen nassi da ake komawa gare shi, ga kuma alaramma mai gyara kuskure nan take.

3.0 Labarin Baka: Sake Ginawa

Frederic Bartlett, a aikinsa na 1932, ya gano cewa mutum ba ya ɗauko labari yadda ya ajiye shi, sake gina shi yake yi. Yakan zubar da abin da bai saba da shi ba, ya cike giɓi da abin da ya dace da fahimtarsa.

Ƙofar Kabuga ta ba da misali mai kyau. A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanal Morland ta shiga Kano ta wannan ƙofa, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Amma a bakin jama'a sau da yawa akan jingina cin garin ga Gwamna Lugga, alhali shi ya iso ne daga baya. Babban suna ya haɗiye ƙarami, kamar yadda ra'in Bartlett ya yi hasashe. Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba, ginshiƙin labarin ya riƙe, rassan suka kuɓuce masa.

Maurice Halbwachs ya yi nuni a 1925 cewa al'umma ce ke tallafe tunawar mutum, daga baya kuma ya jaddada rawar wurare a ciki. Yau an adana ƙyauren ƙofar a Gidan Makama, ganuwar da ke kewayenta ta zaizaye, motoci kuma suna ratsa hanyar ƙarƙashin ƙasa a wurin. Ga ɗalibin da ke sauka a nan zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, Kabuga sunan mahaɗar tituna ne kawai. Idan alamar da ke tayar da labari ta gushe, damar maimaita shi takan ragu.

4.0 Darasi ga Manazarci

Na farko, a bambance bayanin da ke da tsayayyen lafazi, kamar kirari da waƙa, da wanda ake faɗa da kalmomin da aka ga dama, domin kari da amsa-amo suna taƙaita sauyi. Na biyu, a guji tambaya mai jan baki. Loftus da Palmer sun nuna a 1974 cewa sauya kalma ɗaya a tambaya yana sauya abin da shaida ke tunawa. Tambayar dattijo ta wace ƙofa Lugga ya shiga ta riga ta saka masa suna a baki. Na uku, a yi hira da mutane daban-daban a keɓe, a kuma auna da rubutattun bayanai.

5.0 Kammalawa

Ƙarfin hadda ya samo asali ne daga nassi da maimaici da mai gyara. Labarin baka bai da waɗannan madogarai, saboda haka aikin manazarci ne ya samar masa da su, tun masu riƙe da shi suna raye.