Sassaƙar Zamani da Kayan da Aka Yar: Nazari a kan Ayyukan El Anatsui

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, da an ambaci sassaƙa, abin da kan zo a rai shi ne masassaƙi riƙe da gizago, yana rage icce har turmi ko akushi ya fito. To amma a fagen fasahar zamani ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da duk wata sura mai tsawo da faɗi da kauri da aka ƙaga domin a kalla a yi tunani, ko da ba a sari icce ba. Wannan darasi zai duba yadda wani fasihi ya mayar da kayan bola abin sassaƙa, da kuma saƙon da ke ƙunshe cikin kayan.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi El Anatsui a garin Anyako na ƙasar Gana a shekarar 1944. Ya yi karatun fasaha a Kumasi, sannan a 1975 ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda ya shafe fiye da shekara 30. Da farko da icce da yumɓu yake aiki, daga bisani ya koma ga murafan gwangwanin madara da tsofaffin magogan rogo. Ayyukansa sun ja hankalin duniya a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 2007, kuma a 2015 bikin ya ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya.

3.0 Yadda Ake Sarrafa Kayan

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne na murafan kwalaben barasa. Akan tara dubban murafai, a buɗe su, a daddage, a yanka ko a lanƙwasa, a huhhuda, sannan a ɗinke su da siririyar wayar jan ƙarfe. Mataimaka masu yawa ne ke haɗa ƙananan ƙyallaye, shi kuma ya shimfiɗa su a ƙasa, yana sauya musu wuri har launuka su zauna. Abin da kan fito shi ne makeken mayafi na ƙarfe mai ƙyalli, wanda kan rufe bangon gini. Ba shi da tsayayyar siffa, domin fasihin kan bar wa masu ratayewa damar naɗe shi yadda suka ga ya dace.

4.0 Saƙon da ke Cikin Kayan

Zaɓen murafan ba don araha ba ne kawai. Barasa na daga cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musaya da bayi. Saboda haka kowane murfi yana tuna wannan ciniki. Mai kallo daga nesa kan zaci tufafin sarauta ne, sai ya matso ya tarar da abin da aka yar, har da sunayen kamfanoni a jiki. Ke nan, kayan aikin su ne rabin saƙon. Da da sabon ƙarfe aka yi, da ƙawar ta rage, ma'anar ta ɓace.

5.0 Amfanin Darasin ga Malami

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yara kan yi motar kara da ta langalanga, maƙera kuma kan mayar da gwangwani fitilar aci-balbal. Malamin da ya raina irin wannan wasa yana iya kashe basirar ɗalibinsa tun tana jaririya. Wanda kuwa ya gane darajarsa zai sa ɗalibai su ƙera abu da kayan da suka tsinto, sannan su bayyana da Hausa, a baki da a rubuce, dalilin zaɓen kowane kaya.

Auna Fahimta

1. Bambanta sassaƙar gargajiya da ta zamani ta fuskar kayan aiki.
2. Wace alaƙa ce ke tsakanin murafan kwalabe da tarihin cinikin bayi?
3. Tsara darasin insha'i ga aji huɗu na firamare ta amfani da kayan da aka yar.