Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Ake Kare Kwamfuta Daga Umarnin Da Aka Liƙa?

Rubutun da aka kwafo aka liƙa a tagar umarni ta Linux yana da haɗari: idan akwai alamar sabon layi a cikinsa, kwamfuta na iya zartar da umarnin nan take, ko da mugu ne ya ɓoye shi.

Maganinsa shi ne tsarin da ke yi wa rubutun alama a farko da ƙarshe, domin Bash, wato manhajar da ke karɓar umarnin, ya gane liƙawa aka yi, ya dakata. Ana kunna shi ta hanyar rubuta set enable-bracketed-paste on a fayil ɗin .inputrc. Tun daga Bash 5.1 na 2020 a kunne yake zuwa, haka ma a Zsh, wata manhajar irin Bash, tun 2015.

Duk da haka, wajibi ne a karanta kowane layi kafin danna Enter, musamman mai ɗauke da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta.