Yadda Za Ka Gano Inda Wakilinka Ya Tsaya a Majalisar Tarayya

Duk lokacin da wata doka mai zafi ta fito daga Abuja, maganar da ake ji a kasuwar Wunti da teburan masu shayi na Yalwa a Bauchi ɗaya ce: an sayar da mu. Shi kuma ɗan majalisa in ya zo gida hutun Sallah, sai ya ce babu wanda ya kai shi tsayin daka. An ga haka a kan ƙudirorin haraji guda huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa a Oktoban 2024. Gwamnonin Arewa sun ƙi tsarin rabon harajin VAT da aka zo da shi, Gwamna Bala Mohammed na Bauchi yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, aka yi gyare-gyare, aka rattaba hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. Amma da wuya ka samu mai gaya maka, da hujja, ɓangaren da wakilinsa ya bi. Shakkar jama'a tana da dalili, shaida ce ta rasa. Ga matakan nemo ta.

1. San waɗanda ke magana da yawunka

Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, ta Wakilai 360. Jihar Bauchi tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 12. Mazaunin cikin garin Bauchi yana ƙarƙashin mazaɓar Bauchi ta Kudu, wadda ta haɗa Bauchi, Toro, Alkaleri, Kirfi, Dass, Tafawa Ɓalewa da Bogoro, kuma Shehu Buba Umar ne ya ci kujerar a zaɓen 2023. Ƙaramar hukumar Bauchi ita kaɗai tana da wakili guda a Majalisar Wakilai. Rubuta sunayen mutanen nan biyu da kwamitocin da suke ciki.

2. Gano inda ƙudirin ya kwana

A karatu na farko suna kawai ake ambata. A na biyu ake muhawara. Daga nan sai kwamiti, inda ake sauraron ra'ayin jama'a, sannan a dawo zaure a bi shi sashe-sashe kafin karatu na uku. Dole majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya, kuma shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ka riƙe lambar ƙudirin: na Dattawa yana farawa da SB, na Wakilai da HB. Mutum yana iya sukar ƙudiri a karatu na biyu don a ji shi a rediyo, ranar bin sassa kuma a nemi kujerarsa a rasa.

3. Tambayi irin ƙuri'ar da aka yi

Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin ƙudirori da murya ake zartar da su: mai jagorancin zama ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Babu inda ake rubuta sunan kowa. Haka aka yi ranar 20 ga Maris, 2025, lokacin da majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, duk da cewa sashe na 305 na kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukan mambobi, adadin da kunne ba ya iya ƙirgawa.

Amma akwai ranakun da ake ƙirga kai. Ranar 15 ga Yuli, 2021, Sanata Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin murya a kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, ya nemi a kira kowa da sunansa. Mutum 52 suka bi ɓangaren da ya gindaya wa INEC sharaɗi, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan, jaridu kuma suka buga sunayen. Gyaran kundin tsarin mulki ma da na'ura aka kaɗa shi a Maris 2022. In da suna aka yi, nemi jerin. In da murya ne, duk wanda ya rantse maka cewa ya san yadda wane ya yi, zato yake gaya maka.

4. Bi sawun da ya rage

Ko babu jerin sunaye, akwai alamu. Majalisa tana fitar da takardar abubuwan da za a tattauna, mai suna Order Paper, da ta abin da aka zartar, wato Votes and Proceedings, sai Hansard, inda ake rubuta maganar kowa. Duba shafin majalisar na intanet da na cibiyar PLAC mai bin diddigin ƙudirori. Ana zaman zaure ne Talata zuwa Alhamis, kuma bidiyon zaman yana samuwa a YouTube. Kalli zaman da kansa, kada ka tsaya kan guntun daƙiƙa talatin da aka turo ta WhatsApp. Shin wakilinka ya halarta? Ya yi magana? Ya kawo gyara? Da ya ga an murɗe, ya nemi a ƙirga?

5. Nema a rubuce

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati, ta kuma ba ma'aikata kwana 7 su amsa. Rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya, ka ambaci lambar ƙudirin da ranar zama, ka nemi rajistar halarta da sakamakon ƙuri'a. Kai kwafi ofishin mazaɓa, a buga maka hatimin karɓa. Takardar da ƙungiyar 'yan kasuwa, ta malamai ko ta ɗalibai ta sa wa hannu ta fi ta mutum guda nauyi.

6. Yi masa tambayar da ba ta da kwana

In wakilinka ya shiga shirin kiran waya a gidan rediyon BRC, Globe FM ko Albarka, kada ka ɓata lokacinka da zagi ko kirari. Ka ce: "Ranka ya daɗe, ranar kaza kana zaure? A sashe kaza, i ka ce ko a'a?" In ya kawo zancen rijiyoyi da rabon kekunan ɗinki, yi masa godiya ka maimaita tambayar. Idon jama'a yana da tasiri. A Mayun 2006, muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye aka nuna ta a talabijin, sanatoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya mutanen gida na kallo, ƙudirin kuwa ya mutu.

7. Kwatanta abin da aka zartar da abin da ya fito

Aiki ba ya ƙarewa da buga guduma. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisa ta musanta, ta dakatar da shi wata uku, kafin a dawo da shi a watan Mayu. A Disamban 2025 kuma ɗan majalisar wakilai Abdussamad Dasuki na Sakkwato ya yi ƙorafin cewa dokokin harajin da gwamnati ta buga sun saɓa da waɗanda aka amince da su a zaure.

8. Ajiye lissafi zuwa ranar hisabi

Sashe na 69 na kundin tsarin mulki ya ba da damar kiranye, sai dai yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar. Yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a 2018 da Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 duk a nan suka tsaya. Akwatin zaɓe ya fi sauƙi. Buɗe littafi mai layi huɗu: ƙudiri, rana, abin da ya yi, inda ka samo. Inda ba ka da shaida, bar gurbin fili.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, nemi alkawari guda a gaban shaidu: zai goyi bayan a riƙa kaɗa ƙuri'a da suna a kan haraji, bashi, kasafi da dokar ta-ɓaci, kuma zai riƙa bayyana tasa ko da da murya aka yi. Wanda ya ƙi wannan, rubuta ƙin nasa a layin farko na littafinka.