Janye Ruwa Kafin Girbi: Nasiha Ga Masu Tsere Da Malamansu

Jama'a, wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin malaman wasanni da iyaye, da kuma samari da 'yan mata masu tseren mita 100 da 200 da 400 a makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kuskure guda ne ya sa aka rubuta ta, amma kuskure ne mai dawowa kowace shekara kamar hunturu.

Da zarar gasar makaranta ta matso, wadda yara ke kira intahaus, sai a kwaso 'yan tsere a zuba su a fili safe da yamma. Yaron da ya yi wata uku bai taka fili ba, sai a ce ya rama bashin cikin mako biyu. Ranar gasa ya zo ƙafa ta yi masa nauyi kamar an ɗaura masa turmi, wanda yake tsere wa kullum ya wuce shi. Wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce an yi masa sammu. Alhali kuwa gajiya ce aka tara masa, ya ɗauko ta ya kawo bakin layi.

Darasi daga gonakin Bakolori

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, mutanen ƙasar nan suka ƙware da noman rani. To, ku dubi manomin shinkafa. Wata da watanni yana ban ruwa, yana zuba taki, yana cire ciyawa. Da zangarniya ta sunkuya ta fara nuna, sai ya toshe hanyar ruwa, ya bar ƙasa ta tsane kamar kwana 10 ko mako biyu kafin ya sa lauje. Mai albasa ma haka yake yi, don ya san in ya ci gaba da ban ruwa har ranar cira, albasar ba za ta ajiyu ba, ruɓewa za ta yi a rumbu. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan manoma ragwaye ne. Sun san lokacin aiki ne, sun kuma san lokacin janye hannu.

Jikin mai tsere haka yake. Atisaye shi ne ban ruwa da taki, kwanakin ƙarshe kafin gasa kuwa su ne na janye ruwa.

Yadda jiki yake tara ƙarfi

Duk ranar da yaro ya yi atisaye mai tsanani, abu biyu yake komawa gida da su: ƙarin ƙarfi da gajiya. Gajiyar takan lulluɓe ƙarfin, kamar yadda toka ke lulluɓe garwashi. Sa'ar da aka yi ita ce gajiya ta fi saurin gushewa. In aka sassauta aiki na 'yan kwanaki, toka ta kau, wuta na nan da ranta.

A cikin tsoka akwai wani ɗan guzuri da jiki ke ajiyewa domin aikin gaggawa, wanda ba ya wuce daƙiƙa 10 ana gudu da iyakar ƙarfi. Rabinsa yakan dawo cikin kamar daƙiƙa 30, amma kafin ya kusa cika sai an yi minti 3 zuwa 5. Shi ya sa masu horar da 'yan tsere suke da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowace mita 10 da aka gudu da cikakken sauri, a ba ta hutun minti ɗaya. Wanda ya yi mita 60, ya huta minti 6. Malamin da ke cewa "koma, koma" tun yaro yana haki, juriya yake koya masa, saurin kuwa raguwa yake yi.

Haka kuma jijiyoyi da tsokar bayan cinya suna bukatar kamar kwana biyu kafin su murmure daga gudu mai tsanani. Yagewar tsokar bayan cinya ita ce raunin da ya fi addabar masu gajeren tsere a duniya, kuma gajiya tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Saboda haka ranakun gudu mai zafi kada su wuce biyu ko uku a mako, kuma kada a jera su.

Abin da za a rage da abin da za a bari

A 2007 wasu masana suka tattara bincike-binciken da aka yi a kan masu gudu da masu ninƙaya da masu tseren keke. Suka ga sassauci ya fi amfani in ya kai kamar mako biyu, aka rage yawan aiki da kashi 41 zuwa 60 cikin 100, ba tare da an rage zafin aikin ko an yanke ranakun fita fili ba. A wajen masu gajeren tsere, kwana 10 yakan wadatar.

A nan ne mutane suke faɗawa rami na biyu. Wani in ya ji an ce hutu, sai ya kwanta gaba ɗaya, ya yi mako bai motsa ba, ranar gasa ya tashi jiki ya yi sanyi. Yawan gudun ake ragewa, saurinsa kuwa a bar shi yadda yake. Mai yin mita 60 sau 8, ya koma sau 4, daga baya sau 2 ko 3, amma kowanne ya fito da kaifinsa.

Kada wani ya raina ribar. Yaron da ke gama mita 100 cikin daƙiƙa 12, in ya samu ƙarin kashi 1 cikin 100 kawai, ya ci tazarar mita guda ke nan, wadda ta isa ta raba na ɗaya da na huɗu. Olusoji Fasuba na Nijeriya ya yi daƙiƙa 9.85 a Doha a 2006, ya riƙe kambun Afirka shekara 15, kuma wanda ya fara karɓe shi a 2021 da 9.84 ya karɓa. Ku dubi ƙanƙantar wannan tazara. A irin wannan fage, wanda ya zo da ragowar gajiya ya riga ya sha kashi.

Misalin tsarin kwana goma

A ce ranar Asabar za a yi gasa.

Saura kwana 10, wato Laraba: atisaye mai nauyi na ƙarshe. Daga nan an rufe littafin wahala.

Saura kwana 7: ɗumama jiki sosai, tashi daga layi na mita 30 sau 4, da gudun mita 80 sau ɗaya, da cikakken hutu a tsakani.

Saura kwana 4: tashi daga layi sau 3, sai masu tseren miƙa sanda su gwada miƙawa da karɓa.

Saura kwana 2: hutu.

Jajibiri: ɗumama jiki na minti 20, tashi sau 2, a koma gida tun ana marmarin ƙari.

Sauran ranakun, ɗan sassarfa da miƙe gaɓoɓi sun isa. Wannan tsari na wanda ya yi wata biyu ko uku yana aiki ne. Wanda bai shuka ba, ba shi da ruwan da zai janye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabon iyaye

Malam yana da yaro awa biyu ne a rana, sauran na gida ne. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, don a cikin barci jiki yake ɗinke abin da atisaye ya yaga. A karɓe waya da dare, a rage hirar dandali. A makon gasa a ɗauke masa dakon buhu a kasuwar Talata da tura kurar ruwa da wuni a gona, domin jiki bai san bambancin gajiyar fili da ta gona ba.

Abinci kuwa ba sai an je Gusau neman na gwangwani ba. Tuwon shinkafa ko na dawa, wake, ƙwai, kifin Bakolori, fura da nono, ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale, duk suna gina jiki. Kada dai a gwada baƙon abinci daren gasa. A sha ruwa mai tsabta kafin ƙishi ya kama. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, don tsoka mai sanyi ita ce mai saurin yagewa. In gasa ta zo kusa da azumi, a ƙara rage aiki, a mai da mai zafin bayan shan ruwa. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, a bar shi ya warke sarai kafin ya koma fili.

Gargaɗi game da ƙwaya

Akwai masu ruɗin yara cewa tiramol yana kashe gajiya. Ƙarya ce. Ɓoye ta yake yi, kamar mai rufe tsagar bango da farar ƙasa. Ciwo ɗan aike ne da jiki ke turowa ya ce a dakata, wanda ya toshe bakin ɗan aike kuwa sai ya ji ɓarna ta auku. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta tiramol a lokacin gasa. Ban da haka, ga kamu da jaraba, ga farfaɗiya, ga zubar da mutuncin gida.

Kammalawa

Ya ku malamai, idan gasa ta rage kwana 10 kuka ji zuciya tana raya muku ku ƙara wa yara aiki, ku tuna da mai shinkafa a bakin kwalbati, yana toshe ruwa da hannunsa alhali madatsa cike take. Alamar kun yi daidai ita ce ku ga yaro yana ta zumuɗi, ƙafa tana yi masa ƙaiƙayi, yana roƙon a bar shi ya ƙara ko sau ɗaya. Ku ce masa ya adana, Asabar na tafe.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya raya mana zuriya, amin.