Daga dandalin ƙauye zuwa takobi

Ɗan kokowa a ƙauye yake farawa. Bayan kaka, yara suna kama juna a dandali. Wanda ya yi fice, sai a kai shi kokowar gunduma, kamar Madawa, Buza ko Keita. Daga nan sai ta jaha, sannan ta ƙasa.

A Tawa aka soma kokowar ƙasa, a 1975. Kantu na Maraɗi ya zama sarki.

Cin takobi sau ɗaya da wuya, balle a maimaita. Kowace shekara samari suna tasowa, sun kuma san dabarun sarki. Duk da haka Kadri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, ya ci na shida a Agadas, a 2023.

Ku rubuta sunayen ƴan kokowar garinku.