Tangaran Mai Siffar Ayislan: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Tsibirin Ayislan yana can arewacin Tekun Atlantika, a kan tsagar da ta raba faifan ƙasar Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya. Tsagar tana ƙara buɗewa da kimanin santimita 2 kowace shekara, kuma ta nan wutar ƙarƙashin ƙasa take samun hanya. Baƙin yashin tsibirin da ƙanƙararsa da filayen narkakken dutsensa sun daɗe suna jan hankalin masu gina tangaran na ado, har a ƙasashen da ke nesa da shi. Sai dai da yawa daga abin da ake jingina wa tsibirin baƙar tukunya ce kawai da aka ɗiga wa ja. Duk wanda zai sa sunan wata ƙasa a kan aikin hannunsa ya ɗauki amana, kuma ga sharuɗɗan sauke ta.

Abin da za a yi

1. Ku san ƙasar kafin ku taɓa yumɓu. Ayislan ba baƙi da ja ba ce kaɗai. Gaɓar Reynisfjara, kusa da garin Vik, ita ce mai baƙin yashi. Tsaunukan Landmannalaugar rawaya ne da ruwan ƙasa da kore da ja-ja. Filin Eldhraun gansakuka ta lulluɓe shi, idan ta bushe ta yi toka-toka, idan ta sha ruwa ta koma koriya shar. A jikin ƙanƙarar tsaunuka kuma akwai baƙaƙen layuka, kowane layi tokar wani aman wuta ne da ya wuce. Ku zaɓi wuri guda, ku ƙura masa ido a hotuna masu yawa, na rani da na hunturu, har ku iya faɗin launukansa ba tare da kun duba ba.

2. Ku san waɗanda suka riga ku. Shekaru aru-aru mutanen tsibirin ba su da sana'ar ginin tukwane. A akushin katako suke cin abinci, kayan yumɓu kuwa daga ƙetare ake kawo musu. Sai a 1927 Gudmundur Einarsson na Middalur ya buɗe gidan ginin tangaran na Listvinahus a Reykjavik, ya riƙa gini da yumɓun ƙasar, yana siffanta tsuntsayenta irin su hankaka da shaho. A 1958 aka kafa kamfanin tangaran na Glit, inda Ragnar Kjartansson ya jagoranci aikin da ya yi suna wajen manna ɓarɓashin narkakken dutse a jikin tangaran. Wanda bai san waɗannan biyu ba zai sake yin abin da aka yi tun shekaru sittin da suka wuce, yana tsammanin sabon abu ya kawo.

3. Ku ɗauki siffa daga dutsen, kada ku tsaya a launi. Idan narkakken dutse mai kauri ya huce a hankali yakan tsuke ya tsage, ya zama ginshiƙai, galibi masu kusurwa shida, irin na Reynisfjara da na magangarar ruwan Svartifoss. Daga irin waɗannan ginshiƙai ake danganta fasalin majami'ar Hallgrimskirkja da Gudjon Samuelsson ya zana, wadda aka kammala a 1986. Don ku kwaikwayi wannan siffa, ku gina tulunku da kauri, ku bar shi ya sha iska har ya daina manne wa yatsa amma farce na iya shiga. Sannan ku ja siririyar waya daga baki zuwa gindi, yanka ɗaya ba tsayawa. Idan hannu ya yi rawa a tsakiya, tabon zai zauna har bayan toyi. Kada fuskokin su zo daidai wa daida, domin na dutsen ma ba su zo ba.

4. Ku gwada kowane haɗi kafin ya hau tukunya. Baƙin dutsen aman wuta, wanda masana ke kira basalt, yana da ƙarfe da yawa a cikinsa, kuma yana narkewa a wajen digiri 1,200 na ma'aunin Salshiyos. Idan aka niƙa shi aka zuba a ruwan sheƙi, wato haɗin da ake shafa wa tukunya ya narke ya zama kamar gilashi, yakan ba da baƙi mai zurfi, da launin tsatsa a inda shafin ya yi siriri. Amma dutsen wani wuri ba ya hali irin na wani. Ku yi ƙananan fale-falen gwaji, ku tsai da su a tsaye don ku ga yadda haɗin ke gangarowa, ku sa wa kowanne lamba a baya, ku rubuta awon da zafin wutar a littafi. Haɗin da ba a rubuta ba, ko ya yi kyau, an yi asararsa.

5. Ku auna ƙarfin wutarku. Toyin fili na itace da kara da wuya ya wuce digiri 900, saboda haka ba zai narkar da baƙin dutse ba. Mai irin wannan wuta ya nemi baƙinsa ta hanyar goge tukunya sumul da turara ta da hayaƙi, wanda sana'a ce cikakkiya mai mutuncinta. Mai son dutse ya narke sai ya nemi tanderun da ke kai digiri 1,200 zuwa 1,300.

6. Ku yi lissafin tsukewar yumɓu. Daga ɗanye zuwa toyayye yumɓu yakan ragu da wajen kashi goma cikin ɗari, wani ma ya fi haka, dutse kuwa ba ya raguwa tare da shi. Idan kun cusa babban ɓallin dutse a bangon tukunya, tsaga za ta fito kewaye da shi. Ku farfasa shi ƙanana, ku wanke, ku shanya, ku ƙara niƙaƙƙen tsingaro a yumɓun don ya rage tsukewa.

7. Ku kare huhunku. Ƙurar dutse da ta yumɓu da toka suna shiga huhu su zauna, kuma tabon da suke bari ba ya warkewa. A niƙa da ruwa, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a sa takunkumin da aka yi domin ƙura. Yaro ba ya zama a inda ake niƙa.

8. Ku rubuta gaskiya a gindin tukunya ko a takardar da ke tare da ita: sunan magini, shekara, inda aka haƙo yumɓun, abin da ke cikin ruwan sheƙin, da cewa ta ado ce.

Abin da ba za a yi ba

1. Kada wanda ya je tsibirin ya kwaso dutse ko yashi daga wuraren da aka killace, kada kuma ya ɓamɓare gansakuka, domin takan ɗauki shekaru gommai kafin ta farfaɗo. Ku dubi Surtsey, ƙaramin tsibirin da ya ɓullo daga teku a Nuwamban 1963, aman wutarsa bai tsaya ba sai 1967. Masu bincike kaɗai ake bari su taka shi, don a ga yadda tsiro da tsuntsu ke mamaye sabuwar ƙasa ba da sa hannun mutum ba, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2008. Ƙasar da ke tsare dutsenta haka ba ta cancanci a yi mata ɗauki ɗai-ɗai ba. Mai aiki a Najeriya yana da irin wannan dutse a tudun Biu da wasu sassan tudun Jos. Ya nema da izinin masu wurin, ya kuma kira shi da sunan inda ya fito.

2. Kada ku ce akwai narkakken dutse a aikin da babu shi. Tangaran da kamfanonin Jamus ta Yamma irin su Scheurich suka yi a shekarun 1960 da 1970, waɗanda masu tarawa ke kira Fat Lava, kamanni ne ya ba su sunan, ba daga Ayislan suka fito ba. Fata irin tasu mai ramuka da ƙuraje sau da yawa garin silikon kabayid ne ke kawo ta: yana fitar da iska a cikin wuta, ruwan sheƙin ya tafasa ya daskare da kumfarsa. Dabara ce mai kyau, manyan magina irin su Otto da Gertrud Natzler sun yi suna da fata mai ramuka. Laifin shi ne a sayar da dabara da sunan dutse. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai saye da ya gano sau ɗaya ba ya dawowa.

3. Kada ku nemi jan wuta ta hanyar dalma, kuma kada ku haɗa kadmiyam da hannunku. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje. Babu launin da ya kai ran yaro. Jan da ƙarfe ke bayarwa ya fi kusa da launin dutsen da ya huce, kuma ya ishe ku.

4. Kada a zuba abinci ko abin sha a kwano mai fata mai ramuka. Maiƙo da datti suna maƙalewa a ramukan, soso ba ya kai musu, bakinsu kuma yana da kaifi. Idan ana son tulu ya riƙe ruwan furanni, a shafa wa cikinsa ruwan sheƙi mai santsi da aka gwada.

5. Kada ku mai da musibar mutane ado ba tare da kun san ta ba. Filin Eldhraun da ake sha'awar gansakukarsa aman wutar Laki ne ya shimfiɗa shi a 1783 zuwa 1784. Gubar hayaƙinsa ta kashe mafi yawan tumakin ƙasar, yunwar da ta biyo baya ta tafi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jama'a. A daren 23 ga Janairun 1973 ƙasa ta tsage a gefen garin da ke tsibirin Heimaey, aka kwashe mutane fiye da 5,000 yawancinsu a jiragen kamun kifi, gidaje wajen 400 suka salwanta, aka yi ta feshin ruwan teku a kan narkakken dutse don a ceci tashar jiragen ruwa. A Nuwamban 2023 aka kwashe mutanen Grindavik, a Janairun 2024 wuta ta cinye gidaje uku a garin. Wanda zai sa ɗaya daga waɗannan sunaye a kan tulunsa, to ya iya ba da labarinsa ga mai saye, ya kuma bar wasa da shi.

6. Kada ku sa ɗanyen dutse ko tukunya mai laima a tanderu, domin ruwan da ke ciki zai zama tururi ya tarwatsa ta, ta ɓata na kusa da ita. Kada ku yi gaggawa a wajen digiri 573, hawa da sauka, domin a nan ƙwayoyin yashin cikin yumɓu ke sauya girma farat ɗaya. Kada kuma a buɗe ƙofar tanderu sai ya huce.

7. Kada ku kwafi aikin Glit ko na Listvinahus ku bar mai saye ya zaci tsohon kaya ne. Ku koya daga gare su, ku sa hannunku a naku.

8. Kada ku tara ginshiƙi da gansakuka da ƙanƙara da jan wuta a tulu ɗaya. Mai saye ba zai gane ko wane wuri ake nufi ba, kuma tulun zai rasa natsuwa. Abu ɗaya da aka lura da shi sosai ya wadatar.

Waɗannan sharuɗɗa ba su da tsada, haƙuri da gaskiya suke nema. Masu gini, ku riƙe su tun daga niƙa har zuwa buɗe tanderu. Masu saye kuma, ku juya tukunya ku duba gindinta, ku tambayi abin da ke cikinta da wurin da take nufi. Idan mai ita ya kasa amsawa, ku ajiye masa kayansa.