Mai juna biyu, kyanwa da ƙasar fadama

Ranar awo, idan mace ta ce mini ta taɓa yin ɓari, tambayoyina kan ba ta mamaki. "Baiwar Allah, akwai kyanwa a gidanku? Wa ke share tsakar gida? Kikan ɗanɗana nama kafin ya dahu?"

Cutar toksoplasmosis nake bin sawu. Ƙwayar da ke jawo ta, wadda aka gano a Tunisiya a 1908, a hanjin kyanwa take hayayyafa. Kyanwar da ta ci ɓera mai ɗauke da ita takan yi mako 1 zuwa 3 tana zubar da miliyoyin ƙwayoyi cikin kashinta. Sabon kashi ba ya kama mutum, sai ya yi kwana 1 zuwa 5. Daga nan kuwa, a ƙasa mai danshi, ƙwayar kan haura shekara da ranta.

Mu kuma daga Lahodu zuwa Wurno da Goronyo, ƙasa mai danshi ce abincinmu. Latas da karas na fadamar Rima kan shigo gida da laka a jikinsu. Tumaki da awaki na kiwo a wurin, ƙwayar ta kwanta a tsokarsu, ta iso mana a tsiren da cikinsa ke da ja, ko hantar layya da aka ɗan babbaka aka miƙa wa mai ciki don ƙauna. Na sha ganin an yanka ɗanyen nama, an goge wuƙar a gefen zane, an koma kan tumatirin kwaɗo. Ga ɗanyen nonon akuya, ga ruwan magudanar rani, ga farar ƙasa da masu ciki ke kwaɗayi.

Yawancin manya ba sa jin komai, in ya yi yawa ɗan zazzaɓi da kaluluwa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne macen da ta fara kamuwa tana da ciki: ɓari, ko jariri da ruwa a kai, ko tabo a cikin ido da sai yaro ya tasa ganinsa ya fara raguwa. Mai cutar ƙanjamau kuma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba kowane ɓari ba ne nata, gwajin jini ke tabbatarwa, kuma akwai magani.

Ba na cewa a kori kyanwa, ita ke tsare mana rumbu. Maigida ko wani babba ya riƙa kwashe kashinta kullum, ban da mai ciki. A rufe yashin da yara ke wasa. Nama ya dahu har ciki, a tafasa nono da ruwan sha, wuƙa da hannu kuma su ga sabulu kafin su taɓa ganye.